Yadda wasannin waya ke cinye ma'ajiyar intanet, da abin da ya kamata a duba kafin a biya ko a goge

Saƙon da ke cewa ma'ajiya ta cika yana cikin saƙonnin da masu wayar hannu suka saba gani har suka daina karantawa. Mutum zai kawar da shi da yatsa ya ci gaba da harkarsa, tunda waya tana kira, WhatsApp yana aiki, kuɗi suna shiga suna fita, kuma a zahiri babu abin da ya tsaya. Sai dai ma'ajiya iri biyu ce, kuma rashin bambance su shi ne tushen ruɗanin. Akwai memorin da ke cikin wayar kanta, wanda aka saya tare da ita, mai gigabait 64 ko 128 ko 256. Akwai kuma ma'ajiyar intanet, wato wurin da kamfanin Apple ko Google ya ware wa kowane mai asusu a cikin manyan kwamfutocinsa, inda waya ke aika kwafin abin da ke cikinta a matsayin ajiyar ko-ta-kwana. Waya tana iya kasancewa da fili mai yawa a cikinta alhali wancan wurin ya cika maƙil, kuma wasannin gem suna cikin abubuwan da ke cika shi ba tare da mai wayar ya sani ba.

Girman wurin da ake bayarwa kyauta bai taka kara ya karya ba. Apple ya buɗe iCloud, ma'ajiyarsa ta intanet, a shekarar 2011 da gigabait 5 ga kowane asusu, a lokacin da ƙaramar iPhone 4S ke zuwa da gigabait 16, kuma har yau gigabait 5 ɗin ne ko da yake memorin wayoyin ya ninka sau takwas ko fiye. Wannan kaso na asusu ne, ba na waya ba, saboda haka mai iPhone da iPad a kan asusu ɗaya cikin kwano ɗaya suke ci. Google yana ba da gigabait 15, amma Gmail da Drive da Google Photos duk a ciki suke rabo. Daga 1 ga Yunin 2021 hotunan da ake lodawa a Google Photos suka fara shiga lissafi, sannan daga ƙarshen 2023 zuwa farkon 2024 ajiyar WhatsApp ta wayoyin Android ita ma ta shiga, bayan shekarun da ta yi ba a ƙirga ta.

Dalilin da ya sa wannan magana ta wuce batun nishaɗin yara a wurinmu shi ne irin nauyin da waya ta ɗauka a rayuwar Bahaushen Legas. Dillalin tumatir da albasa a Mile 12, mai sayar da raguna a Alaba Rago, mahauci a mayankar Oko-Oba da ke Agege, mai tireda a Idi-Araba ko Obalende, dukansu littafin cinikinsu ya koma cikin waya. Saƙon murya daga wanda ya loda kaya a Kano ko Funtuwa yana faɗin adadin kwanduna, hoton takardar mota, shaidar tura kuɗi, lambobin abokan ciniki na shekaru, hotunan iyali da ke gida Arewa, duk suna wuri ɗaya. Kuma wannan wayar ce dai maigida ke miƙa wa yaro da dare ya buga gem, ko shi kansa ya rage zaman jiran mota da ita. A garin da ake fizge waya a cunkoson motoci, damina kuma ba ta raga wa abin da ke aljihu, kwafin da ke intanet shi ne abin da ke rage wa mutum idan wayar ta salwanta.

Domin a gane yadda gem ke shiga wannan lissafi, sai an rarraba shi kashi uku. Kashi na farko shi ne manhajar kanta, wadda ake saukewa daga App Store ko Play Store. Kashi na biyu shi ne kayan da manhajar ke janyowa bayan an buɗe ta: taswirorin fagen wasa, surar 'yan wasa da tufafinsu, muryoyi, kiɗa, da gajerun bidiyoyin da ke tafiyar da labari. Kashi na uku shi ne tarihin ɗan wasan, wato matakin da ya kai, makin da ya tara, abin da ya saya, da yadda ya tsara maɓallansa. Kashi na biyu ne mai nauyi, shi ne ke kai gigabait da yawa. Kashi na uku kuwa, wanda shi kaɗai ne na mai wayar, galibi rubutu ne da lambobi marasa nauyi, har ma tsarin adana wasa na Google Play Games ya ƙayyade megabait 3 kacal ga kowane fayil, kuma hakan yana isar yawancin wasanni.

Abin da ya sa kashi na biyu yake zuwa daga baya yana da tarihi. Shagunan manhaja sun daɗe suna ƙayyade girman abin da za a sauke a karon farko. Play Store ya shafe shekaru yana tsayawa a megabait 100 ga ainihin manhajar, tare da damar haɗa ƙarin fayil biyu masu gigabait 2 kowanne. Su ma masu ƙera wasannin sun san cewa mutum ya fi saurin danna saukewa idan ya ga adadi kaɗan. Shi ya sa wasanni irin su PUBG Mobile da ya fito a 2018 da Call of Duty: Mobile na 2019 suke ci gaba da sauke taswirori da sauran kaya bayan an girka su, Genshin Impact na 2020 kuma ya kai matsayin da yake cin sama da gigabait 20 a waya. Ga kuma sabuntawa da ke zuwa kusan kowane wata da sabon kaya. Duk wannan kayan iri ɗaya ne a wayar kowa, daga Agege har Jakarta, kuma yana nan a kwamfutocin kamfanin da ya ƙera wasan, a shirye ga duk wanda zai sake saukewa.

A iPhone ne matsalar ta fi fitowa fili. Idan wayar za ta yi ajiya a iCloud, ba ta kwafar manhajar kanta, domin ta san za a iya sake samun ta a App Store. Abin da take kwafa shi ne bayanan da kowace manhaja ta tara. Tsarin ya ba kowace manhaja aljihuna daban-daban: akwai na kayan wucin gadi, waɗanda ba a taɓa sa su cikin ajiya, akwai kuma na kayan dindindin, waɗanda ake kwashewa gaba ɗaya sai idan mai manhajar ya sa musu alamar cewa a tsallake su. Wannan alama tana nan tun ƙarshen 2011, kuma ƙa'idar Apple ta faɗa ƙarara cewa abin da za a iya sake saukewa bai kamata ya shiga ajiya ba.

To me ya sa wasu wasanni suke shiga da nauyinsu duka? Aljihun wucin gadi yana da illa a wurin mai ƙera gem, domin idan memorin waya ya kusa cika, tsarin yana da ikon share abin da ke ciki ba tare da ya tambayi kowa ba. Ɗan wasan da ya wayi gari ya tarar da cewa sai ya sake sauke gigabait 6 zai fusata, wataƙila ma ya goge gem ɗin. Saboda haka mai ƙerawa yakan zuba kayan a aljihun dindindin inda ba za a taɓa su ba, kuma wannan dabara ce mai ma'ana. Kuskuren yana zuwa ne idan bai sa alamar tsallakewa ba, ko ya sa wa wasu fayilolin ya manta da waɗanda sabuntawa ta kawo. Daga nan wayar ba ta da hanyar sanin cewa taswirar fagen yaƙi ba ta kai hoton ɗaurin aure muhimmanci ba, sai ta tattara su duka ta nufi iCloud da su. Gem ɗaya mai irin wannan sakaci ya isa ya haura gigabait 5 shi kaɗai, kuma idan ajiyar da za a yi ta fi wurin da ya rage girma, ba a yin rabi a bar rabi, ajiyar ce ba za ta kammalu ba.

Lamarin ya yi kama da na mutumin da zai hau motar Kano ya cika jakarsa da ruwan leda, wanda ake sayarwa a kowace tasha, har takardun filinsa suka rasa wurin shiga. A ganina wannan shi ne ma'aunin da ya kamata a riƙa auna komai da shi a nan: ajiyar ko-ta-kwana wurin abin da ba shi da na biyu ne, kuma duk abin da za a iya samu a wani wuri bai cancanci ko megabait ɗaya a cikinta ba.

Akwai hujjar da masu buga gem ke kawowa, kuma ta cancanci amsa saboda ta fito ne daga tsadar data da kowa ke ji a jikinsa, musamman bayan Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025. Suna cewa gara a bar kayan wasan cikin ajiya domin kada a sake kashe data wurin sauke su idan an canza waya. Wannan lissafi bai fita ba. Dawo da ajiya daga iCloud ita ma saukewa ce ta intanet, kuma gigabait 6 daga kwamfutocin Apple daidai yake da gigabait 6 daga kwamfutocin mai gem a wurin MTN ko Airtel ko Glo. Bugu da ƙari, an riga an kashe data wurin loda kayan tun farko, kuma duk lokacin da sabuntawa ta canza fayilolin sai an sake loda waɗanda suka canza. Wato mai wayar yana biya a hawa, yana biya a sauka, ga kuma kuɗin hayar wurin idan ya sayi ƙari.

Wani zai ce ai waya ba ta yin ajiya sai tana kan caji, a kulle, kuma a kan waifai, don haka datarsa ba ta cikin haɗari. Haka aka tsara abin, amma an tsara shi ne da tunanin gidajen da intanet ɗinsu ba shi da ƙidaya. A ɗakunanmu na Legas waifai ɗin sau da yawa ƙaramar na'urar aljihu ce mai layi a ciki, ko kuma wayar ɗan'uwa ce aka jona da ita, kuma duk data ce ta saye. Wayar ba lallai ta bambance ba. Da zarar an kawo wuta da tsakar dare, caji ya kama, sai ta fara loda kaya, a wayi gari datar wata ta yi ƙasa ba a san inda ta bi ba. A ɗaya ɓangaren kuma akwai wanda ba ya hawa waifai sam, yana kai wayarsa wurin masu caji a kashe, shi kuma sharuɗɗan ba sa taɓa cika masa, sai a yi watanni ba a yi ajiya ko sau ɗaya ba.

Yawancin mutanenmu Tecno da Infinix da itel da Samsung suke riƙewa, kuma a Android labarin ya sha bamban. Tun Android 6.0 na shekarar 2015 tsarin ajiyar kai-tsaye ya sa wa kowace manhaja iyaka ta megabait 25, kuma wadda bayananta suka wuce haka ba a kai su intanet. Saboda haka gem ba shi da hanyar tura gigabait na taswirori cikin ajiyar wayar. Wannan iyaka tana kare wurin, amma tana da nata gefen: wanda ya ɗauka cewa Google ya kwafe masa duk abin da ke cikin gem ɗinsa zai iya tarar da babu komai ranar da ya buƙata.

Duk da haka wasanni suna cika gigabait 15 na Google, sai dai ta bayan gida. Matashin da ya ci ƙwallo mai kyau a eFootball ko ya yi nasara a Free Fire yana son abokansa su gani, sai ya ɗauki bidiyon sikirin. Minti ɗaya na irin wannan bidiyo yana iya cin megabait gommai, ya ma kai ɗari idan an ɗaga ingancinsa, kuma wasa ɗaya yakan ɗauki minti goma ko ashirin. A wasu wayoyin waɗannan bidiyoyi da hotunan sikirin suna faɗawa cikin folda ɗaya da hotunan kyamara, don haka Google Photos yana kwashe su kamar yadda yake kwashe hoton suna ko na biki. Sannan a tura bidiyon a zauren WhatsApp na abokai, su ma su turo nasu, kuma idan an kunna zaɓin haɗa bidiyo cikin ajiyar WhatsApp, abu ɗaya ya ci wuri sau biyu a asusu ɗaya. Mai wayar zai goge gem ɗin yana zaton ya magance matsalar, ya ga adadin bai motsa ba, domin abin da ya cika wurin yana Google Photos da ajiyar WhatsApp.

Abin da ke biyo bayan cikar ya fi saƙon gargaɗin nauyi. A asusun Google, idan wuri ya ƙare, hotuna suna daina hawa, ajiyar WhatsApp ba ta sabuntuwa, kuma Gmail yana daina aikawa da karɓar saƙo, alhali ta nan ne sanarwar banki da lambobin tabbatarwa da takardun makaranta suke shigowa. A iCloud ma ajiyar waya tana tsayawa, hotuna su daina hawa. Tsohuwar ajiyar tana nan, amma ta tsaya a ranar da aka yi ta. Shi ya sa a layukan Computer Village na Ikeja ake yawan ganin mutum ya sayi sabuwar waya, mai gyara ya dawo masa da ajiya, sai ya ga hirarrakin sun tsaya a watannin baya. Zai ce, "Malam, ina sauran?" a amsa masa, "Alhaji, iya abin da ya hau ke nan." Daga wannan lokacin babu gwanin da zai iya dawo da abin da bai taɓa hawa ba.

Kafin a kashe ajiyar kowane gem, wajibi ne a san inda tarihin ɗan wasan yake zaune, in ba haka ba a yi gudun gara a faɗa gidan zago. Manyan wasannin da ake bugawa da mutane ta intanet suna riƙe tarihin ne a kwamfutocin kamfaninsu, domin da a waya yake da kowa ya ƙara wa kansa maki. Amma ana gane mai tarihin ne ta asusun da ya ɗaura, ko na Google, ko na Apple, ko na Facebook, ko na kamfanin kansa kamar Supercell ID a Clash of Clans. Wanda ya shiga a matsayin baƙo, wato ya tsallake rajista don sauri, shaidarsa tana cikin wayar ce kawai, kuma idan ta tafi, shekarun wasa da duk kuɗin da ya kashe a ciki suna iya tafiya tare da ita. Sannan akwai wasannin da ake bugawa ba tare da intanet ba, waɗanda komai nasu a waya yake. Minecraft misali ne mai kyau, domin duniyoyin da yaro ya gina suna zaune ne a wayar, suna iya yin nauyi, kuma ba su da kwafi a wani wuri sai idan an yi musu tanadi na musamman. Irin wannan nauyin halastacce ne, kuma ajiya don shi aka yi ta.

A nan ne wata al'ada tamu take ƙara dagula lissafi. Da yawa daga cikin masu sayen waya, musamman dattawa da waɗanda karatun boko bai yi musu nisa ba, mai shago ne yake buɗe musu asusun Gmail ko na Apple a tsaye, ya zaɓi kalmar sirri, ya miƙa musu waya. Bayan shekara biyu babu wanda ya tuna ta. Wasu kuma lambar da aka ɗaura wa asusun ta ɓata, ko tana cikin layukan da aka rufe a lokacin haɗa layi da lambar ɗan ƙasa. Ajiyar da mai ita ba zai iya buɗewa ba daidai take da babu, ko ta WhatsApp ce ko ta gem. Akwai kuma samarin da ke shiga asusun Apple na wani domin su sauke gem na kuɗi a kyauta. Idan suka shiga da shi a iCloud maimakon shagon manhaja kaɗai, hotunansu da ajiyarsu suna tafiya ne wurin mai asusun, shi kuma yana da ikon kulle wayar daga nesa.

Gyaran a iPhone ba shi da wuya. A saitin waya, idan aka taɓa sunan mai asusu a sama, aka shiga iCloud, aka buɗe sashen ajiyar wannan wayar, za a ga jerin manhajoji da nauyin da kowace take sawa a ajiya ta gaba. Gem ɗin da ya nuna megabait kaɗan a bar shi. Wanda ya nuna gigabait, a fara buɗe shi a tabbatar an ɗaura shi da asusu kuma an san kalmar sirrin, sannan a kashe maɓallinsa. Wayar za ta yi gargaɗin cewa za a goge bayanansa daga iCloud, kuma wannan gargaɗi yana tsorata mutane, amma kwafin da ke intanet kaɗai ake gogewa, gem ɗin da ke waya ba a taɓa shi. Abin lura shi ne akwai wani jeri na daban, na manhajojin da ke amfani da iCloud wurin daidaita bayanansu tsakanin na'urori, kuma wasu wasanni ta nan suke adana tarihin ɗan wasa. Wannan maɓallin ba shi ake nufi ba, a bar shi a kunne. Zaɓin nan da ke cire manhaja ya bar bayananta domin rage wa memori nauyi shi ma ba ya warware wannan matsala, tunda bayanan da ya bari su ne masu hawa ajiya. A sashen ajiyar iCloud ne kuma ake ganin ajiyar tsofaffin wayoyin da aka sayar ko aka bayar, waɗanda ke zaune suna cin wuri, kuma WhatsApp yakan fito sau biyu, da ajiyarsa ta kansa da kuma cikin ajiyar waya, alhali ɗaya ta wadatar.

A Android kuwa, manhajar Google One tana nuna yadda Gmail da Drive da Photos da ajiyar waya suka raba wurin, kuma tana jera manyan fayiloli domin a zaɓi na gogewa. A cikin Google Photos ana iya zaɓar foldojin da za su riƙa hawa, a cire ta bidiyon sikirin idan wayar ta ware ta daban. A kula da kyau a nan, domin goge hoto daga cikin Google Photos yana goge shi a waya da intanet baki ɗaya, don haka wanda yake son bidiyon wasansa sai ya fara kwashe su zuwa katin memori ko kwamfuta. A WhatsApp a kashe haɗa bidiyo cikin ajiya. Game da datar da ke zurarewa da dare, iPhone da Android duka suna ba da damar gaya wa waya cewa wannan waifai na ƙidaya ne, sai dai hakan yana dakatar da ajiyar kai-tsaye, saboda haka sai mutum ya ware lokacin da zai danna ajiya da hannunsa, misali ranar da ya sayi datar dare mai rahusa.

Sayen ƙarin wuri ba laifi ba ne, kuma ga ɗan kasuwar da cinikinsa ke cikin waya ina ganin kuɗi ne da aka kashe a inda ya dace. Ƙaramin matakin iCloud+ gigabait 50 ne, a Amurka santi 99 a wata, na Google One kuma gigabait 100 ne a kan dala 1.99, kuma ana iya raba su da mutum biyar cikin iyali. Amma haya ce da ba ta ƙarewa, farashinta a naira yana bin dala, dalar kuma ta tashi daga kusan naira 460 a farashin hukuma kafin Yunin 2023 zuwa sama da naira 1,500 a 2024. Idan kati ya ƙi biya, daga ƙarshe asusun yana komawa kason kyauta da kayan da suka fi shi girma, ajiya ta sake tsayawa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mutum ya ɗauki wannan nauyi na wata-wata saboda taswirorin gem. A fara tsaftace jerin, a ga abin da ya rage na gaskiya, sannan a yanke shawarar biya. Kuma duk abin da za a biya a biya shi daga cikin saitin waya, domin 'yan damfara sun daɗe da gano wannan fargaba, suna aiko da imel da saƙon tes masu kama da na Apple ko Google suna cewa za a goge hotuna yau idan ba a danna mahaɗi an sa lambar kati ba.

Idan ana maganar alhaki, kaso mafi girma yana kan masu ƙera wasannin da ba sa sa alamar da aka tanadar musu shekaru fiye da goma da suka wuce, aikin da bai wuce 'yan layukan rubutu ba. Apple shi ma yana da nasa, domin shi ke tantance manhajojin da ke shiga shagonsa, shi ne bai sa iyaka ga kowace manhaja kamar yadda Android ya yi ba, kuma shi ne ke sayar da ƙarin wuri idan na kyauta ya cika. Masu gyara da sayar da waya a Ikeja da Agege, waɗanda yawancin mutanenmu ke dogara da su, suna iya rage ɓarnar sosai idan suka riƙa rubuta wa mai saye sunan asusunsa da kalmar sirrinsa, suka kuma nuna masa inda ake ganin kwanan watan ajiya ta ƙarshe, wanda ke rubuce a saitin iCloud da Google da WhatsApp.

Ga wanda zai canza waya alhali tsohuwar tana hannunsa tana aiki, ma'ajiyar intanet ba ita ce hanya mafi sauƙi ba. iPhone biyu suna iya kwashe kaya kai-tsaye daga ɗaya zuwa ɗaya idan an ajiye su kusa da juna, wayoyin Android da yawa suna yin haka ta igiya ko ba igiya, kuma ana iya yin cikakkiyar ajiyar iPhone a kwamfuta ba tare da an taɓa gigabait 5 ɗin ba. Tun 2021 Apple yana kuma ba mai sayen sabuwar waya aron wuri na kwana 21 kyauta domin ƙaura. A kowace hanya aka bi, kada a goge tsohuwar wayar ko a miƙa ta ga mai saye sai an buɗe WhatsApp da kowane gem a sabuwar an ga tarihin ya dawo daidai, sannan an fita daga asusun da ke kan tsohuwar.